Ƙofa a Tsakiyar Fili

Lahadi, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Maigida ne ya sayo mini wannan littafi. Ya ajiye shi a kan cinyata, ya ce tunda na ƙi magana, na kuma mayar da kallon silin ɗin falo sana'a, to in riƙa faɗa wa takarda. Na ce masa ni lafiyata lau. Ya ce ai bai ce ba ni da lafiya ba, ya ɗauki makullinsa ya fita. Shekara goma sha ɗaya da aure, har yau mutumin nan bai iya tsayawa a yi musu da shi ba, abin haushi.

Tunda takarda ba ta san ni ba, bari in gabatar da kaina. Malama ce ni, shekara tara ina riƙe da ajin yara masu buƙata ta musamman. Yarana biyar. Uku suna da lalurar nan da likitoci ke kira otizim, wadda ke sa yaro ya ƙi haɗa ido da mutane, ƙara ta dame shi, ya so komai ya zauna yadda ya saba ganinsa. Su ne Dogo, da Injiniya mai juya murafan kwalba, da Mai Ƙofa. Sai Auta da ke kan keke, ba ta iya riƙe cokali amma dariyarta na kaiwa ofis. Sai Mai Gaisuwa, wanda zai gaishe ka sau arba'in kafin tashi, kuma kowace gaisuwa da gaske yake yinta. Mataimakiyata Goggo ce. Ta girme ni da shekara ashirin, ba ta da takardar koyarwa ko ɗaya, kuma ta fi ni sanin aikin, amma ba zan taɓa faɗa mata ba.

Gobe za mu koma sabon aji, ɗakin da ake ajiye kaya a can ƙarshen fili. An zagaye tsohon ginin da igiya, an ce rushe shi za a yi. Ba wanda ya ji rauni ranar Alhamis. Kowa haka yake ta faɗa mini, ba wanda ya ji rauni.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Huɗu sun shiga. Goggo ta yi aiki ranar Asabar, ta jera komai yadda yake a da: allon hotuna a hagu, kwandon murafan Injiniya a ƙarƙashin taga, kujerar Dogo tana fuskantar bango. Dogo ya yi gunaguni, ya shinshina labule, ya zauna. Mai Gaisuwa ya gaida sabon allo. Duk ta taga na gani.

Mai Ƙofa ce ta tsaya. Shekararta goma sha uku, ba ta magana, da katunan hoto take faɗin abin da take so, suna rataye a wuyanta da zare: ruwa, bayi, a'a, an gama. Sunan kuwa aikinta ne ya ba ta. Shekara uku ita ce ta ƙarshen shiga aji, ta rufe ƙofa, ta ja sakata, sannan ta zauna. Ranar da wani ya riga ta rufewa, sai an buɗe ta sake da kanta, ko da hedimasta ne.

Yau babanta ya sauke ta a bakin get, ta tako har gindin bishiyar da ke tsakiyar fili, ta tsaya cak. Na kira ta, na nuna mata katin aji, na fito da biskit ɗin da take so. Ta ɗaga katin a'a ba tare da ta dube ni ba. Haka muka wuni a gindin bishiya ni da ita, Goggo na fama da sauran a ciki. Dole wani ya tsaya da ita, ai ba a barin yarinya ita kaɗai.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe uku da rabi

Gindin bishiya. Katin a'a har ya fara lanƙwashewa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Hedimasta ya aiko in je ofis. Na ce ya yi haƙuri ya fito, ba zan bar yarinya ba. Ya fito yana sharce gumi. Ba mugun mutum ba ne, matsoraci ne kawai, kuma tun ranar Alhamis ɗin can yake barci da ido ɗaya. Ya ce kwamitin makaranta ya zauna. Get ɗinmu a buɗe yake wuni, titi kuma ga shi nan, ba za su ɗauki nauyin yarinyar da ke tsaye a fili ba, musamman bayan abin da ya faru. In har Juma'a 28 ga wata ba ta shiga aji ba, za a ba iyayenta takarda su riƙe ta a gida.

Na ce masa za ta shiga. Ya tambaye ni ta yaya, na ce wannan aikina ne. Na cika baki sosai.

Da aka tashi na faɗa wa babanta. Direban mota ne, mutum mai ƙarancin magana, kullum da tsumman goge gilashi a kafaɗa. Ya ce uwarta tana fita aiki, shi ma haka, ba mai zama da ita.

«Malama, kafin mu kawo ta nan, shekara goma a ɗakin baya take. Da kwaɗo muke rufewa mu fita. Ba don mugunta ba.»

Na ce na sani. Ya ce shi dai ba ya son ya sake sayen kwaɗo. Na tsaya ina gyara wa yarinyar zaren katunanta.

Na bar wayata a gida yau ma. Maigida ya ce mutane na ta nemana, na ce su nema.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Akwai wani tabo a silin ɗin kicin, kusa da fitila. Maigida ya hau kujera ya ƙwanƙwasa, ya ce tsohon tabo ne, ya girmi ɗiyarmu. Na dafa abincin rana a tsakar gida, dama iska ta fi daɗi.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau dai na dawo gida da ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa.

An kawo kafinta ya cire tagogi da ƙofofin tsohon gini kafin a rushe. Dattijo ne mai fensir a bayan kunne, mai mita kamar an biya shi ya yi ta. Wajen sha ɗaya ya fito da ƙofar ajinmu, ita da katakon da ke riƙe da ita gaba ɗaya, ya jingina da bishiyarmu don ya huta. Koriyar ƙofar nan ce mai ɓawon fenti, da sakatar ƙarfe da ke cewa ƙarat in an ja ta.

Mako guda Mai Ƙofa ba ta taɓa komai ba a makarantar nan, ko kofin ruwa sai na riƙe mata. Sai ga ta ta miƙa hannu ta kama sakatar. Ta ja, ta mayar, ta ja, ta mayar. Sannan ta fara ɗan kukan kurciyar nan da take yi a maƙogwaro in ranta ya yi daɗi.

Kafinta ya zo zai ɗauka, na tare shi. Na tambaye shi ko zai iya yi wa ƙofar ƙafafu ta tsaya da kanta a nan. Ya dube ni, ya dubi fili, ya ce shekara arba'in yana aiki bai taɓa kafa ƙofa inda ba ɗaki ba, kuma mutane za su ce ya taɓu. Na ce ya ce ni ce na sa shi, ni an riga an saba. Ya yi tsaki, ya ciro fensirinsa ya fara awo.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta tsaya! Ƙofa a tsakiyar fili, ba bango dama ba bango hagu, akuya ma za ta iya zagaye ta. Kafinta ya yi mata ƙafafu biyu masu faɗi, ya ɗora duwatsu a kai. Na shimfiɗa tabarma a bayanta, na kai kujerata ta roba, na sa Goggo ta fito da yara duka.

Muka yi yadda muka saba. Na wuce ta ƙofar na zauna, Goggo ta turo Auta, sauran suka biyo. Dogo ya so ya zagaye, Goggo ta kamo rigarsa ta ce nan gidan ba a tsallaka katanga. Sai muka zauna muna jira. Mai Ƙofa ta yi ta lilo da jikinta gaba da baya, har na ƙirga sittin. Sannan ta tako ta wuce, ta juya ta rufe, ta ja sakata, ta zo ta zauna a gefen tabarma inda kusurwarta za ta kasance da akwai kusurwa.

Auta ta fashe da dariya. Ni kuwa na ɗauko allon hotuna na fara darasi kamar ba abin da ya faru. Mun yi launuka, mun yi wanke hannu, ta ware mini ja da shuɗi ba kuskure ko ɗaya. Sauran malamai sun cika baranda suna kallo. Wata ta ce a kula kar ɓarawo ya fasa ajin. Na ce ta kwantar da hankalinta, a kulle yake.

Bayan tashi na auna da ƙafa. Daga bishiya zuwa barandar sabon aji taku talatin ne. Dabarar a fili take: kullum a matsar da ƙofa kaɗan, har ta kai mu ɗaki.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku

Taku biyu. Ta ɗan tsaya tana kallon inda ƙafafun suka bar sawu jiya, sannan ta shiga. Saura ashirin da takwas, kuma ni ce gwana.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Gwana ta sha ƙasa. Zalama ce ta ja ni. Na lissafa kwanaki na ga taku biyu ba zai kai mu ba, sai na zo da sassafe na sa mai gadi ya taya ni muka ja ƙofar taku shida kafin ta iso. Na ce ai ba za ta lura ba. Shekara tara ina wannan aiki, na buɗe baki na ce yarinya irin wannan ba za ta lura ba.

Tun daga get ta gani. Ta zube ƙasa, ta toshe kunnuwa, ta yi irin ihun da ban ji ba tun ranar nan. Ta ciji bayan hannunta har ya yi jini. Injiniya ya kama nasa kukan, Dogo ya watsar da tabarma. Sai da Goggo ta lulluɓe ta da bargon nan mai nauyi ta zauna kusa da ita minti arba'in kafin ta lafa. Hedimasta yana tsaye a ƙofar ofis, hannu a baya, yana kallo kawai, da ma ya zage ni.

Ihun ne. Irinsa ne sak, sai dai wancan ta bayan ƙofa nake jin sa.

Ba zan rubuta wannan ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyu

Na mayar da ƙofa inda take ranar Laraba. Ta shiga bayan awa ɗaya, da bandeji a hannu. Na ba ta haƙuri da baki, a gaban kowa. Ba ta dube ni ba, amma ta bar ni na zauna kusa da ita.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kafinta ne ya warware mana, cikin mita. Ya zo duba ƙafafun ƙofa, na ba shi labarin Alhamis. Ya ce ai ko shi aka shiga shagonsa aka matsar masa da teburi ba ya nan, sai an ji kansu da mutum. Ya ce in za ki taɓa kayan mutum, ki taɓa yana kallo.

Sai muka gwada. Bayan ta iso ta ga ƙofa inda ta bar ta, na ɗora hannunta a kan sakata, ni da kafinta muka kama gefe da gefe muka fara ja a hankali. Ta bi mu. Ba ta saki sakatar ba, tana tafe tana kukan kurciyarta, kamar mai jan tunkiyarta zuwa kiwo. Da ta gaji ta tsaya, mu ma muka tsaya. Na auna: taku biyar, kuma ita ta zaɓa.

Ashe ba nisan ne ya dame ta ba, yi mata a ɓoye ne. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe a bayan rajista don wadda za ta gaje ni.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu

Jiya shida, yau bakwai. Saura goma. Yaran sauran azuzuwa sun fara tsayawa suna ƙirga mana da ƙarfi, Mai Gaisuwa yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana gaisarwa. Malamar nan mai maganar ɓarawo ta kawo mana tabarma sabuwa, ta ajiye ta wuce. Na gode mata da murya mai daɗi fiye da yadda ta cancanta.

An raɗa mini suna a ɗakin malamai, wai Malamar Waje. Goggo ce ta kawo mini labari, don ni rabona da ɗakin malamai tun watan jiya. A gindin bishiya nake cin abincina, ya fi sarari.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe uku da rabi

Mun hau baranda! Wannan ne na fi jin tsoro, don baranda tana da rufin kwano, kuma tun ranar ba ta shiga ƙarƙashin wani rufi ba a makarantar nan, bayi ma sai na bayan gini mara rufi. Da ƙofar ta kai bakin inuwa ta tsaya ta ɗaga kai. Ni ma na ɗaga. Muka daɗe mu biyu muna kallon kwano da katako. Sai ta ja ƙofarta ta shiga inuwar.

Babanta ya zo ɗaukarta ya same mu a baranda. Ya cire tsumman kafaɗarsa ya goge fuska, ya sake gogewa, ya ce yau akwai zafi. Hedimasta ya zo wucewa, na ce masa ranka ya daɗe ko za a fara yaga takardar nan. Ya ce baranda ba aji ba ce. Gaskiyarsa ne, amma na ga yana murmushi.

Na saya wa kafinta lemo. Ya ce ba shi da sanyi, ya shanye.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kafinta ya cire sabuwar ƙofar aji ya kafa tsohuwar a gurbinta, a gaban idon Mai Ƙofa, tana riƙe da sakata yana ɗaure ƙusoshi. Sai da ya ɗan fere gefe ɗaya kafin ta zauna. Yanzu ba sauran taku. Ƙofarta ce, ajinta ne a ciki.

Goggo ta shiga da yara huɗu. Ni na tsaya a bayan Mai Ƙofa don in ƙarfafa mata gwiwa. Ta zo har dokin ƙofa, yatsun ƙafarta suna taɓa shi, ta leƙa ciki, ta tsaya. Na ce shiga mana, 'yata. Ta leƙa, ta juyo ta dubi gefena, ta sake leƙawa. Har aka tashi.

Ba komai. Ranar farko ce.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe huɗu

Na sa Goggo ta jera biskit daga dokin ƙofa zuwa kusurwarta. Dogo ya cinye.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na gwada waƙar wanke hannu, na gwada katin aji, na sa an kashe fanka, na sa an kunna. Ba ta ɗaga katin a'a ba, abin da ke ɗaure mini kai ke nan. Tana tsaye ne kawai kamar mai jiran mota. Saura kwana biyu. Na ga hedimasta ya ba sakatare wata takarda ya buga.

Maigida ya tambaye ni yadda sabon ajin yake daga ciki. Na ce aji dai kamar kowane aji. Ya ce wane launi ne bangon. Na tashi na ɗora ruwan shayi.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Bayan an tashi ina naɗe tabarma a baranda, Goggo ta fito ta zauna a kan benci tana taunar asuwaki. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa Dogo in ya ɓoye abu a baki.

«Malama, in tambaye ki. Shekara ukun nan, wa ke fara shiga aji?»

Na ce ni.

«A fili fa, da muka kafa ƙofa, wa ke fara wucewa ya zauna?»

Na ci gaba da naɗe tabarma.

«To yarinyar nan ba tsoro ne ya tsayar da ita ba. Layi take bi. Ita ce ta ƙarshe, kuma saura mutum ɗaya bai shiga ba.»

Na ce mata ai dole wani ya tsaya da ita a waje. Ta ce mako huɗu tana jin wannan magana, ta kuma yi mini kawaici don ta ga ina buƙata, amma gobe Juma'a. Ta tofar da asuwakinta, ta ɗauki jakarta, ta ce in gaida gida.

Na ji haushinta kamar in yi kuka, don ba ta faɗi ƙarya ba.

Da kowa ya watse na je dokin ƙofar na tsaya inda Mai Ƙofa ke tsayawa. Bangon ruwan ƙwai ne, yanzu na sani. Silin ɗin fari ne, sabo, ba tabo ko ɗaya. Kujerata tana gaban allo. Na ɗaga ƙafa, ta ƙi.

Ranar Alhamis ɗin can, a tsohon aji, minti huɗu ne. Goggo ta kai sauran bayi, waya ta yi ƙara a jakata, na ce bari in amsa a baranda. Na fita, Mai Ƙofa kuma ta yi aikinta, ta rufe ta ja sakata. Sai silin ya rufto. Ko da aka buɗe, tana tsugune a kusurwarta, kanta fari fat da ƙura, ba ƙwarzane a jikinta. Kujerata ta katako kuwa ba a sami abin ɗauka ba.

Kullum ina tunanin da ina ciki. Wani lokaci ina nufin da na kare ta. Wani lokaci ba haka nake nufi ba, kuma wannan ne ke hana ni haɗa ido da babanta.

To, na rubuta.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na sa rigata mai kyau. Ban iya karyawa ba.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in bi a hankali, don ina so in riƙa karanta wannan in na tsufa.

Babanta bai tafi ba yau, ya ajiye mota ya tsaya a gindin bishiya. Hedimasta ya fito da ambulan a hannu yana ta juya shi. Kafinta ma ya zo, wai ya manta fensirinsa, fensirin kuwa yana bayan kunnensa.

Yara suka yi layi a baranda. Goggo ta riƙe keken Auta ba ta motsa ba, ta dube ni ta ce, «Bismillah, Malama.»

Na tsuguna gaban Mai Ƙofa, don na koyi darasi, ba na ƙara yi mata komai a ɓoye. Na nuna mata katin aji, na nuna ƙirjina. Na ce mata tsoro nake ji, amma zan shiga. Ban san nawa ta fahimta ba, tagar take kallo.

Daga dokin ƙofa zuwa kujerata taku bakwai ne. Na yi talatin a fili ina taƙama, bakwai ɗin nan kuwa sun fi su tsawo. Wuyana yana ta son ɗagawa ina hana shi. Na kai, na zauna, na kama gefen kujera da hannu biyu.

Goggo ta turo Auta. Injiniya ya wuce wurin murafansa, Dogo ya shinshina labule, Mai Gaisuwa ya shigo ya ce mini sannu da zuwa, Malama, kuma yau kam ya faɗa a inda ya dace. Na kafa idona a kan allon hotuna, na hana kaina duban ƙofa. Na fara ƙirgawa a zuci kamar yadda na saba, ban ma kai goma ba.

Ƙarat.

Ta wuce ta gabana kamar ba ta taɓa fashi ba, ta je kusurwarta ta zauna, ta jawo kwandon launuka. Ko kallon silin ba ta yi ba.

Ni kuwa abin da na riƙe wata guda ya ƙwace. Na yi kuka a gaban yarana, irin mai sauti, har Auta ta daina dariya. Goggo ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Mai Ƙofa ba ta son ƙara. Ta jure na ɗan lokaci, sannan ta taso ta zo gabana, ta laluba zaren wuyanta, ta zaɓo kati ɗaya ta ɗora mini a cinya. Wanda nake nuna mata ne in ta daɗe tana kuka: an gama.

Na share fuska na ce to, ranki ya daɗe. Muka yi launuka.

Hedimasta ya ƙwanƙwasa wajen ƙarfe tara yana son ya shigo ya gani da idonsa. Na ce masa ta taga sai dai ya yi haƙuri, a kulle muke, kuma mai makullin tana aiki. Na hango shi ya ninke ambulan ya tura aljihu. Babanta yana bayansa, ya rufe fuska da tsummansa gaba ɗaya, bai ma yi ƙoƙarin ɗora wa zafi laifi ba.

Da aka tashi Goggo ta ce mini in gaida gida. Na ce mata ta fi ni sanin aikin nan. Ta ce ai ta daɗe da sani.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Biyar sun shiga, shida da ni. Injiniya ya haɗiye rabin kalar zane, Dogo ya cire takalmi ya jefa ta taga. Sai yanzu da na zauna rubutu na tuna ban duba silin ba yau.